Wasiƙa daga Jos kan rashin barcin ɗanmu Nura

Aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da fatan zafin Fatakwal bai takura muku ba. Mu nan Jos hunturu ya sauko da ƙarfinsa, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala.

Saƙonka ya iso ni game da Nura, da ciwon kan da yake kuka da shi, da yadda hankalin Hajiya ya tashi. Ka ce in ba shi maganin barci daga kemis ɗina. Ban ba shi ba, kuma ina so ka ji dalili daga bakina.

Na ɗauko shi ya kwana biyu a gidana, na ga yadda yake tafiyar da ranarsa. Yana dawowa daga lacca a Jami'ar Jos da ke Naraguta da la'asar, ya faɗa katifa sai magariba. Bayan isha'i ya nufi teburin mai shayi a Anguwan Rogo, a haɗa masa Indomie da ƙwai da shayi mai kauri, a zuba Nescafe cokali biyu. Daga nan sai aji, karatun da suke kira TDB, wato har gari ya waye, da kwalbar Fearless a aljihu. Sha biyun dare na yi datar dare mai araha ta buɗe, littafi ya koma gefe, waya ta hau hannu. Ya yi sallar asuba ido jajir, ya ɗan runtsa, ƙarfe 8 ga lacca. Ranar da ya ce bari ya kwanta da wuri kuma, sai idon ya bushe, ya yi ta juyi har kiran assalatu.

Malam, wannan ba aikin iska ba ne. Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikin Nescafe da goro da waɗannan lemukan ƙara kuzari yana daɗewa a jini. Bayan kamar awa 5 rabinsa na nan bai fita ba. Wanda ya sha ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 ma yana tare da shi. Jiki kuma yana da agogonsa da ke bin haske da duhu. Idan duhu ya yi ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin mai kawo gyangyaɗi, hasken waya da hirar da ba ta ƙarewa suna jinkirta shi. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yaran nan suna ganin sadaukarwa suke yi. Alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta, don haka wanda ya raba dare yana bita ya wuce ɗakin jarrabawa kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Saurayi kamar Nura na buƙatar awa 7 zuwa 9.

Maganar ƙwaya kuwa, kullum ɗalibai na zuwa min, wani na neman diazepam, wani Piriton. Diazepam yana kama jiki, ba na ba da shi sai da takardar likita. Ka tuna dalilin da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Cikin yaran da na sani suka lalace da shi, akwai waɗanda da neman barci suka fara.

Mun zauna da shi mun yi magana ta fahimta. Daga azahar babu Nescafe, babu goro. Ƙailula ya yi ta kafin la'asar, kada ta wuce rabin awa. Karatu mai nauyi ya koma bayan asuba, ya kuma riƙa fita hantsi ya sha rana, ko ranar Asabar ce kada ya canja lokacin tashi. Waya ta kwana a caji nesa da katifa. In ya kwanta barcin ya ƙi zuwa, ya tashi zaune cikin duhu-duhu ya yi azkar har ido ya yi nauyi. Na tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Ɗakin hostel ne matsalar da ba ta hannunsa shi kaɗai, wani na girki, wani na kallon ƙwallo, sai sun yi yarjejeniyar kashe fitila a tsakaninsu.

Akwai wadda ta shafe ka kai tsaye. Da na matsa masa, ya ce min akwai kwas ɗin da ya faɗi a zangon da ya wuce, kuma kunyar idonka ce ke hana shi runtsawa. Don Allah in za ka kira shi, ka kira da rana, ka fara da tambayar lafiyarsa kafin sakamako. Ka nuna masa ka sani kuma ba ka yi fushi ba.

In wata guda ya wuce ba sauƙi, ko na ga damuwar na ƙaruwa, ni da kaina zan kai shi asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo ya ga likita. A ce wa Hajiya ta aiko masa da bargo mai kauri da safa, nasa ya yi shara-shara, sanyin ƙafa ma na hana shi sakewa.

A gaida min Hajiya da su Ummi.

Naka,
Sabo