Wasiƙa kan karayar Baba da maganar abincinsa

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da faɗuwar da Baba ya yi har ya karye a ƙugu. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ka tambaye ni, a matsayina na ma'aikacin jinya a ɗakin masu karaya, abin da ya kamata ka sa wa ido kafin tiyata da bayanta. Hoton ƙashi da aikin likita ba za su rasa masu kula da su ba, don haka zan ja hankalinka ga abin da aka fi mantawa da shi, wato tantance ko Baba yana cikin haɗarin ƙarancin abinci mai gina jiki.

Dalili kuwa shi ne, jikin da ya karye yana buƙatar furotin da kuzari fiye da da, domin ya ɗinke ƙashi ya kuma rufe rauni, alhali a daidai lokacin ne ciwo da magani da azumin jiran tiyata suke kashe wa mutum sha'awar ci. Sau da yawa nakan ɗauke farantin tsoho da yamma in tarar cokali biyu kawai ya taɓa, 'ya'yansa kuma suna ta murna cewa hoto ya nuna ƙarfen da aka sa a ƙashin ya zauna daidai. Irin wannan majinyaci ne ɗinkinsa yake jinkirin warkewa, gyambon kwanciya ya kama shi a gadon baya, ƙarfin tsayuwa kuma ya gagare shi.

Tantancewar ba ta cin minti goma, kuma ana so a yi ta cikin kwana ɗaya ko biyu da kwantar da mutum. A ma'aunin da ake kira NRS-2002, ana tambaya ko mutum ya rame cikin wata 3 da suka wuce, ko cinsa ya ragu a makon da ya gabata, sannan a duba nauyinsa daidai da tsayinsa da kuma tsananin ciwonsa. Karayar ƙugu kaɗai maki 1 ce, wanda ya kai shekara 70 kuma ana ƙara masa 1, alhali maki 3 ne iyakar da ake cewa akwai haɗari. Ka ga ke nan Baba, da shekarunsa, saura masa maki ɗaya tak.

Kada ka yarda a ce maka ba a auna shi ba saboda ba ya iya hawa sikeli. Wani ma'aunin tantancewar na tsofaffi, mai suna MNA, ya yarda a zagaya sha-raɓa da tef, idan kaurinta bai kai santimita 31 ba, alama ce ta tsoka ta zube. Ni kaina ba na sakin jiki da gwajin albumin, wani furotin da ke cikin jini, shi kaɗai, domin kumburin rauni ma yana saukar da shi. Ƙiba ma tana ruɗin ido, don mai teɓa yana iya rasa tsoka.

Abin da nake roƙonka shi ne ka tambayi nas ɗin da ke kula da shi ko an yi wannan tantancewa da makin da ya samu, kuma ka gaya musu gaskiya idan tufafinsa sun fara yi masa yawa tun kafin ya faɗi. In makin ya kai, ka nemi a haɗa ku da masanin abinci na asibitin, in bai kai ba kuma a sake dubawa bayan mako guda. Ka riƙa rubuta yawan abin da ya ci a kowane zama, ka turo mini in gani.

Ka gaishe mini da Baba da jiki, da Mama da ƙoƙarin jinya.

Naka amini har kullum.