'Yata ba ta ji: in sa ta makaranta a Jidda ko in tura ta Kano?

Assalamu alaikum Hajiya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto miki wannan wasiƙa daga Jidda, inda nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu huɗu shekara 11 ke nan. Na daɗe ina sauraron shirinki ta intanet, kuma yadda kike sauraron damuwar mutane ba tare da kin yanke musu hukunci ba shi ya ba ni ƙarfin gwiwar faɗa miki abin da ya hana ni barci. Ina roƙon a sakaya sunana da na yarinyar.

'Yata ta uku ta cika shekara 6, wato lokacin shigarta firamare ya yi. Lafiya lau aka haife ta, har ta fara kiran "Baba" da "ruwa", sai sanƙarau ya kama ta tana da shekara ɗaya da rabi. Allah ya tashi kafaɗarta, amma jinta bai dawo ba. Mun yi watanni muna cewa raunin jinya ne ya sa ba ta waiwayowa idan an kira ta, kuma ko da muka kai ta gwajin ji, likita ya ce sashen can cikin kunne mai kama da dodon koɗi ya fara daskarewa yana zama ƙashi, abin da sanƙarau kan haddasa, wanda ya sa dasa mata na'urar ji a cikin kunne ya yi wuya. Kunnen hagu ba ya jin komai. Na dama yana ɗan kama ƙara mai ƙarfi idan ta sa samma'a, wato na'urar ƙara ji. Yarinya ce mai kaifin basira, tana karanta leɓena idan na yi mata Hausa a hankali, kuma ita da yayyenta sun ƙirƙiri alamun hannu nasu na cikin gida, waɗanda ba wanda ya san su sai mu.

Hanya uku ce a gabanmu. Akwai Ma'ahadul Amal, makarantun gwamnati na kurame da aka fara buɗewa a ƙasar nan tun 1964, na maza daban na mata daban, inda ake koyarwa da maganar hannu ta Saudiyya da rubutun Larabci. Akwai kuma abin da suke kira damji, wato a buɗe aji na masu raunin ji a cikin makarantar unguwa, su yi wasa da cin abinci tare da sauran yara. Makarantun kuɗi ban ma sa su a lissafi ba, domin wadda muka tambaya kuɗinta na shekara ya fi albashin maigidana na wata uku. Ta ukun ita ce wadda ta raba kanmu: maigidana yana so a kai ta Kano wurin mahaifiyarsa, a sa ta makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki.

Ba zan zalunce shi ba, hujjarsa mai ƙarfi ce. Mu baƙi ne a nan, zamanmu ya rataya ne a kan iƙama, wato takardar izinin zama, da kafili, wato ubangidan da ya tsaya mana. Tun 2017 aka sa haraji a kan iyalan ma'aikata baƙi, ya fara daga riyal 100 a wata a kan kowane mutum, ya kai riyal 400 a 2020, ga shi mu biyar ne a ƙarƙashinsa, shi kuwa direba ne. Yakan ce duk daɗewar baƙo gida zai koma, kuma ranar da aka buga mana hurujin ƙarshe, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya, yarinyar za ta sauka Kano da maganar hannun da ba wanda ya sani, ta koma ajin farko tana budurwa. A nan ne na gano abin da ban taɓa sani ba, cewa maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Wadda makarantun kurame na Najeriya suke amfani da ita tushenta daga Amurka ne, kuma da Turanci ake karatu, sannan kuramen Kano suna da tasu maganar hannu ta gargajiya da suke yi a kasuwa da majalisa, ita kuwa ta Saudiyya dabam take da duka biyun. Ashe duk makarantar da muka zaɓa, harshen da za ta rayu da shi ne muka zaɓa mata, da kuma mutanen da za ta iya yin hira da su.

Ni kuwa zuciyata ta kasa yarda. Surukata mutuniyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, amma ta manyanta, idonta ya yi rauni, kuma ba ta san ko alama ɗaya daga cikin alamun yarinyar ba. Yarinyar da ba za ta iya faɗin wanda ya cuce ta a hanya ba, wadda ni kaɗai nake gane bambancin kukanta na ciwo da na tsoro, yaya zan ɗora ta a jirgi in dawo gida in kwanta? Samma'ar ma tana buƙatar batir da gyara da sabon ma'aunin kunne yayin da take girma, kuma duk wannan a nan muka san hanyarsa.

Na kai yarinyar ziyara makarantar kurame ta 'yan mata, kuma abin da na gani ya sa ni hawaye. Yara sun kewaye ta suna ta motsa hannu, ita kuma ta saki mayafina, karo na farko a rayuwarta, ta bi su. Amma a wani wurin da muka je tantancewa, wata ma'aikaciya ta ce ɗan jin da ya rage mata ya isa a sa ta ajin damji, bisa sharaɗin mu daina yi mata Hausa da alamu a gida gaba ɗaya, mu koma Larabci zalla don kada mu rikita ta. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Larabcina na cefane ne da gaisuwa, kuma kalmomin da take ganewa a leɓena duk na Hausa ne. Idan na bi wannan shawara, ni da kaina zan rufe 'yar ƙofar da ta rage tsakanina da ita. Ina kuma tsoron a ajin damji ta zauna tana kallon bakin malama ba ta fahimtar komai, a riƙa ciyar da ita gaba don tausayi.

Hajiya, ina roƙonki ki tambaya mini masana ilimin kurame: shin gaskiya ne Hausa da alamu a gida za su hana ta koyon Larabci a makaranta? Idan yaro ya ƙware a maganar hannu ɗaya, koyon wata daga baya yana yi masa sauƙi, ko kuwa tsoron maigidana ne zai tabbata? Wace alama zan duba in gane cewa aji ya dace da ita, ban da kyan gini da daɗin bakin masu karɓar baƙi? Sannan ta wace hanya zan fahimtar da maigidana, ba tare da ya ɗauka ina ƙin mahaifiyarsa ko ina raina wahalar da yake sha a kanmu ba, cewa na fi son mu sa ta makarantar kurame a nan, ni ma in shiga koyon maganar hannun tare da ita, idan ranar komawa ta zo mu koma tare?

Rajista ta kusa rufewa, ana komawa makaranta a ƙarshen watan Agusta, shi kuma ya ce in ba shi amsa kafin ƙaninsa da ya zo Umara ya koma, don ya tafi da ita. Na yi istihara, ina kuma jiran amsarki. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya.

Wassalam,
Mai sauraronki daga Jidda.