Zuwa ga 'yata, a kan maganar yaron nan da waya

Assalamu alaikum 'yata,

Ya gida, ya maigidan naki, ya kuma ɗan angona. Rubutowa nayi saboda in na kira ki ko dai ki saka min kuka ko ki ce "to Mama" ki kashe, ita kuma maganar nan ta wuce "to Mama". Dan Allah ki karanta har ƙarshe ko da ranki zai ɓaci a tsakiya.

Ƙanwarki ce ta faɗa min, kuma kar ki je ki tsare ta da faɗa, ni na matsa mata. Tace kin fasa kai yaron nan wajen likitan yara ranar da aka ba ku, wai kin ga wasu bidiyoyi a TikTok ana cewa duk yaron da ya ƙi magana waya ce ta jawo, ba wani otizim ko galahanga, wato lalurar nan da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, a ɗauke wayar wata biyu uku zai dawo daidai, shine kika ce bari ki gwada tukuna. Wallahi tunda naji barci ya ƙaurace min.

Wayar kam ki ɗauke, ba yau na fara faɗa miki ba. Da idona na gani da nazo, waya a jingine jikin filo, katun na ta waƙa, ɗan yatsansa ya iya tura bidiyo sama har talla ya iya tsallakewa, ke kuma kina gefe kina tura masa cokali a baki yana haɗiya bai ma san me ya haɗiya ba. Talabijin na ta yi a falo tun safe ko ba mai kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta fitar da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana. Ke kin fi ni sanin awa nawa naki yake yi.

Kuma kar ki ce min ai katun ɗin na koyar da ABCD ne. A 2003 wata mai bincike Patricia Kuhl a jami'ar Washington ta Amurka ta gwada jarirai 'yan wata 9 da basu taɓa jin Sinanci ba. Wasu aka zaunar da su da mutum yana musu wasa yana musu magana da Sinanci, wasu kuma aka kunna musu mutanen a bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutum kunnensu ya fara bambance sautukan yaren, na bidiyon kuwa kamar ba a kunna musu komai ba. Yaro a fuskar mutum yake koyon magana, ya yi ɗan gwalantunsa a amsa masa, ya kalle ki ki kalle shi. Waya bata jira ya amsa.

To amma ba wayar ce ta hana ni barci ba. Na tsaya a bayansa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, na kira sunansa bai juyo ba, na sake kira ko gezau. Can sai waƙar katun ta tashi daga ɗaki, da gudu ya bi ta. Da yana son a buɗe masa ƙofa hannunki ya kama ya ɗora kan mariƙin, bai ɗago ya kalli fuskarki ba. Ban ga ya nuna wani abu da yatsa yana waigowa ko kin gani ba, ban ga ya ɗauko abin wasa ya kawo miki dan ki yaba ba, sai jera murafan kwalba da yake a layi, in an taɓa ɗaya gidan ya kama da ihu. Sannan ke da bakinki kika ce min da yana cewa Mama da Baba, yanzu ya daina. Shekarun da nayi ina aikin jinya ba a banza nayi su ba, yaron da ya fara magana ya daina ba a zaman jira da shi.

Ban ce yana da otizim ba, ni ba likita bace, zai iya zama kunne ne ma, dan akwai yaron da ke jin wani sauti baya jin wani. Shi yasa ake gwaji.

Masu bidiyon nan rabin magana suka ɗauko. Gaskiya ne an yi wani babban bincike a Japan da ya fito a 2022, yara sama da 84,000, aka ga yara maza da suka fi daɗewa gaban allo suna shekara 1 an fi samunsu da otizim a shekara 3. Amma ganin abu biyu tare baya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Yaron da dama yake da lalurar ya fi nacewa allo, saboda abu ɗaya yake ta maimaituwa kuma ba mai cewa ya kalle shi, uwa kuma in ta ga shine kaɗai ke sa shi yin shiru sai ta yi ta miƙa masa. Binciken da aka yi a ƙasashe 5 a 2019 kan yara sama da miliyan 2 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin samun lalurar daga gado yake. Kinga kenan in jinkirin magana ne kawai ɗauke waya zai taimaka sosai, in kuma ɗayan ne, kin ɗauke waya kin zauna kina ƙirga watanni a banza.

Watannin nan su nake tsoro 'yata. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka cewa tayi a duba kowane yaro ko yana da alamun otizim a wata 18 da wata 24, naki ya wuce duka biyun. Shekarun nan na farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar abu, taimakon da aka fara yanzu ba ɗaya bane da wanda aka fara yaro na shekara 6. Na sha ganinsu ana kawowa sun girma, uwa na kuka tana cewa ai ce mata aka yi kawunsa ma ya makara bai yi magana ba. Bana son in ga ranar da ke ce za ki faɗi haka.

Kuma bari in faɗa miki gaskiya tunda ni na haife ki. Ba TikTok ne ya hana ki zuwa ba, tsoron bakin dangin mijinki ne, kar a ce kin haifi mai lalura. Haba 'yata. Yanzu saboda abin da wata za ta faɗa a bayan idonki za ki bar ɗanki? Ran da ya shiga makaranta ya kasa faɗin yana jin fitsari, cikin masu surutun waye zai tsaya masa? Ba haka na raine ku ba, kin ga yadda nayi ta jigila da yayanki lokacin nasa ciwon, ban tsaya jin ta bakin kowa ba.

Gyara kayanka dai baya zama sauke mu raba. Na san gajiyarki, ga aiki ga gida ga yaron da baya barci, ba mugunta ta sa kike miƙa masa waya ba, hutu kike nema. Ko da likita ya ce shine, ba ke kika jawo ba, ba kuma allurar rigakafi bace kamar yadda wasu ke yaɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, da yawansu suna magana suna karatu, kuma ko yaya yake jikana ne.

Ki yi duka biyun. A kashe talabijin, a ɓoye wayar, zai yi rigima na kwanaki ki daure. Ki zauna a ƙasa daidai fuskarsa, abin da ya riƙe ki faɗi sunansa, ki ɗan yi shiru ki ba shi dama, ki yi masa waƙa da bakinki. Taki wayar ma ki ajiye in kina tare da shi, babansa ma haka. Kiran bidiyo da ni kam babu laifi, ai mutum ne ke amsa masa.

Gobe da safe ki kira asibitin su sake ba ki rana. Kafin ranar ki ɗauke shi ɗan gajeren bidiyo yana wasa da lokacin da ake kiran sunansa, ki rubuta kalmomin da yake faɗa a da da watan da ya daina, za su tambaye ki. Ki ce a gwada kunnensa, ki kuma tambaya ko akwai masu koyar da magana. In mijinki ne ke jan ƙafa ki faɗa min, Babanku zai yi masa magana cikin mutunci. Ki turo min ranar da aka ba ku, zan zo mu je tare insha Allah.

Ki shafa min kansa.

Mamanki