Takardar Koke Kan Koyar da Harsunan Waje da Aikin Jarida a Jami'a

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Sakataren Majalisar Masarauta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu malaman harsuna da 'yan jarida da tafintoci da iyayen ɗalibai mun kawo kuka a kan jami'ar da ke ƙasar Mai Martaba. Ana yaye ɗaliban harsunan waje da ba sa iya buɗe baki su yi hira da harshen da suka karanta. Ana kuma yaye 'yan jarida da ba su da wani harshen waje in ban da Turanci. Sassan biyu kowanne ya kama gabansa, babu darasi ko ɗaya da ya haɗa su.

Ranka ya daɗe, a fara da lissafin lokaci. Ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai, wanda aka fitar a 2001, ya kasa iya harshe zuwa matakai shida, daga A1 zuwa C2. Sai a mataki na huɗu, wato B2, mutum ke iya bin muhawara, ya yi wa bako tambayoyi, ya rubuta rahoto ba tare da an riƙe masa hannu ba. A Faransanci, kaiwa nan na cin awa 500 zuwa 650 na darasi. To idan darasin magana da sauraro awa 2 ne a mako, zangon karatu kuma mako 15, awa 30 ke nan a zango. A zango 8 na digiri an samu awa 240, ko rabin abin da ake bukata bai kai ba. In kuma ɗalibai 60 ne a aji, minti ɗaya ne rabon kowa a awa guda, shi ma sai in malami bai ce uffan ba. Shi ya sa ake ganin yaro ya haddace nahawu tsaf, amma da an kunna masa labarai a rediyo sai ya yi zuru.

Illar wannan a ɗakin labarai take fitowa. Wanda bai ji harshen ba, dole ya jira wani ya juya labari zuwa Turanci kafin shi ya mayar Hausa, kuma a kowace juyawa ma'ana na zubewa. A Faransanci "billion" miliyan sau miliyan ne, abin da muke kira tiriliyan; biliyan ɗinmu su "milliard" suke cewa. Waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, don haka 2,500 a takardarsu biyu da rabi ne. Minista zai ce "éventuellement", yana nufin mai yiwuwa, sai a ɗauka "eventually" ne na Turanci, a watsa cewa ya yi alkawarin daga ƙarshe za a yi. Sinawa da dubu goma-goma suke ƙirga manyan lambobi, kuma sunan dangi ne ke zuwa farko: a sunan Xi Jinping, Xi ne na dangi. A Larabcin ƙasashen Sham, Tishrinul Awwal shi ne Oktoba. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa ya zubar da mutuncin gidan jarida, wani lokaci ma ya haɗa ƙasashe rigima.

Ga kuma guraben aiki suna wuce yaranmu. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Majalisar Ɗinkin Duniya na aiki da harsuna shida: Larabci, Sinanci, Turanci, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. A irin waɗannan wurare gwada mutum ake yi a aikace, takardar digiri kaɗai ba ta wadatarwa.

Roƙonmu na farko, Allah ya taimaki Sarki, shi ne Mai Martaba ya kira shugaban jami'a da shugabannin sassan biyu, a zauna a fitar da manhaja ta haɗin gwiwa. Ɗalibin jarida ya ɗauki harshe ɗaya tun shekarar farko, awa 5 a mako, wanda zai ba shi awa 600 kafin ya gama. Ɗalibin harshe shi ma ya koyi rubuta labari, tantance majiya, dokar ɓata suna da ɗa'ar aiki. Ajin magana kada ya wuce mutum 20.

Muna kuma roƙon a samar da ɗakin koyon harshe: kujera 20, kowace da kwamfuta da na'urar sauraro ta kunne mai makirufo, da teburin malami da zai iya sauraron kowane ɗalibi shi kaɗai ya gyara masa furuci. A haɗa da intanet da lantarki mai tsayawa, a kuma ɗauki ma'aikacin gyara, domin yawancin irin waɗannan ɗakuna rashin mai kula ne ke kashe su. A ware ƙaramin ɗaki na koyon tafintar kai tsaye, mai wurin mutum biyu. Aikin na cin ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa ƙwararru ke karɓar juna kusan kowane minti 30, kuma dole a saba da wannan karɓeɓeniya tun a makaranta.

Sai batun zama cikin masu harshen. Zango ɗaya aƙalla ya kamata ɗalibi ya yi a inda ba zai sayi ko ruwa ba sai da harshen. A nan 'ya'yan talakawa ke tsayawa. Muna fata Mai Martaba zai yi wa masu hali magana a kafa asusun tallafi, wanda zai biya kuɗin tafiyar da na jarrabawar da duniya ta sani, kamar DELF ta Faransanci, wadda shaidarta ba ta ƙarewa, da HSK ta Sinanci.

A shirye muke mu kawo daftarin manhajar da jerin kayan aikin gaban majalisa duk ranar da aka ba mu. Muna roƙon a sa zaman kafin jami'a ta rufe tsara darussan shekara mai zuwa.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da rinjaye.

Mu ne masu biyayya,
Malaman harsuna, 'yan jarida, tafintoci da iyayen ɗalibai.