Wasiƙa zuwa Abijan kan rigimar Abba

Maradi, unguwar Zariya

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina jego, ya maigidan da yaran? Wata biyar ba ko gaisuwa, sai da Abba ya fi ƙarfinki kika tuna akwai wata a Maradi. Na yafe, amma atamfar da kika yi alkawari tun Sallar layya tana nan a rubuce.

Saƙon muryarki na minti tara ya iso, har da ihun da ake yi a bayanki. Ki kwantar da hankalinki, ba iska ba ce, ba kuma baki ne ya kama shi ba. Ɗan shekara 3 da aka yi wa ƙanwa wata huɗu da suka wuce, in ya faɗi yana birgima don an hana shi biskit, lokacinsa ne. Sashen ƙwaƙwalwar da ke taka wa fushi birki, wanda ke bayan goshi, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Abin da ya fi damuna tsarin gidanku ne: in ya yi kuka gaban babansa ya sha tsumagiya, in ya yi gabanki ki miƙa masa waya.

Tun shekarun 1960 wata mai nazarin halayyar yara a Amurka, Diana Baumrind, ta kasa iyaye gida uku, a 1983 Maccoby da Martin suka ƙara na huɗu. Akwai mai tsanani ba jan jiki, akwai mai jan jiki ba kwaɓa, akwai mai haɗa su biyun, sai wanda ba ruwansa. Ƴaƴan mai haɗawar su suka fi iya riƙe fushinsu. Ku kuwa kun tara na farko da na biyu a ɗaki guda, yaron bai san dokar da ke ci yau ba. Duka yana tsayar da kukan nan take, shi ya sa maigidan ke ganin yana aiki, amma abin da yaro ke ɗauka shi ne ɓoye laifi, da kuma cewa babba yana dukan ƙarami. Kar ki yi mamaki in ya fara gwadawa a kan jaririyar.

In ya fara, ki durƙusa idonki ya yi daidai da nasa, ki faɗa masa abin da ke cinsa a taƙaice: "Ranka ya ɓaci, kana son biskit. Sai an ci abinci." Daga nan ki ja bakinki, wa'azi ba ya shiga kunnen mai ihu. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa. In ya kai duka ko cizo, ki riƙe hannunsa, ki zaunar da shi gefe minti uku, wato minti guda kowace shekara, inda yake ganinki, ba cikin ɗaki mai duhu ba. Ya huce, ki rungume shi, zance ya wuce. Inda ake faɗuwa shi ne minti na goma, lokacin da maƙwabta suka fara leƙe, kunya ta sa uwa ta miƙa biskit ɗin. Ranar nan kin koya masa cewa kukan minti goma ne kuɗin biskit, gobe zai biya sha biyar. Kuma kwanakin farko rigimar ƙaruwa za ta yi kafin ta sauka, kar ki ce na yaudare ki. Dokoki uku sun isa, ku shirya su ke da babansa bayan yara sun yi barci.

Af, an sa ranar autar Hajiya ta layin masallaci, kuma ba da wanda kike zato ba. Mai kabu-kabun nan ya sha ƙasa, wani ɗan Tibiri ne ya yi wuf da ita.

Wayar kuwa, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda a yini gaban allon waya ko talabijin. Shi kuma barcin awa 10 zuwa 13 yake buƙata, har da na rana. Ki lissafa nasa, na san bai kai ba, tunda da ƙarfe sha ɗayan dare ina jin muryarsa a saƙonki. Rabin rigimar nan barci ne da yunwa. Shiɗewar da kika ce yana yi har leɓɓansa su canja, ki kwantar da shi ta gefe, kar ki sheƙa masa ruwa ko ki jijjiga shi. Yawanci ba ta kai minti guda. Amma ki kai shi a auna jininsa, ƙarancin jini yana ƙara ta. Kuma don Allah ki bar ce masa "za a yi maka allura", ranar da za a yi ta gaske ke za ki sha wuya.

Yanzu wadda ba za ki so ji ba. Har yau kina kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ki kira. A gidan Inna wannan ba ya cutar da kowa, don akwai kaka mai goyo, akwai gwaggo mai ɓoye masa ƙosai. Can a bene hawa na uku wa zai yi masa? Ki ware masa minti goma sha biyar kullum, jaririyar na barci, waya na ɗaki, shi ya zaɓi wasan, ko tuƙin kwalin sukari ne ki bi shi. Inna ba ta ganinki daga nan, ni kuma ba ni faɗa mata.

Kin yi wata tambaya kan lakwal a ƙarshen saƙon, ihun Abba ya rufe ta, ki sake aikowa. Akwai busasshiyar zogalar Jiratawa da kilishi na ajiye miki, saura mai tafiya. Ki gaida maigidan, amma sashen tsumagiyar nan ki bari sai ya ci ya ƙoshi ki karanta masa.

Taki har kullum.