Amsa ga Alhajin da ya tambayi nawa aka biya ni

Alhaji, bayan gaisuwa.

A taron 'yan kasuwa na Garwa, gaban manya da yara, ka tambayi nawa Turawa suka ba ni da nake ta kiran ma'aikatun gwamnati su riƙa rubuta bayanai bisa ƙa'ida ɗaya. Ka kuma ce garin da wuta ba ta zama, ina shi ina kwamfuta. Zancen wuta na bar maka. Na kuɗin ne ya sosa mini rai. Ranka ya daɗe, da an biya ni, da tsohon babur ɗin da ka san ni da shi ya huta. Tambayi waɗanda na yi aikin lissafin marasa lafiya da su.

In asibiti a Marwa ya rubuta "kwalara", na Kusiri ya rubuta "gudawa", wannan ya fara ƙirgen mako ran Litinin, wancan ran Lahadi, wa zai tara alƙaluman ya gane annoba ta taso kafin a fara haƙa kaburbura? Dalilin da ya sa ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta ɗauki DHIS2 ke nan, manhajar tara alƙaluman lafiya ta Jami'ar Oslo wadda ba a sayen lasisinta: duk gundumomin lafiya fom iri ɗaya suke cikewa har ya kai Yawunde. Kai ma ba ka yarda a auna maka gero da mudu biyu.

Da GIMAC, cibiyar tura kuɗi tsakanin bankuna, ta haɗa bankuna da kuɗin waya na ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, ban ji ka mayar da kuɗin da aka turo maka daga Injamena don ƙa'idar ta baƙi ce ba.

Abin da ke cin raina ya wuce ka. Tun 2013 aka kafa BUNEC, hukumar da ke kula da rajistar haihuwa, aure da mutuwa, amma har yau yaranmu na kaiwa jarrabawar kammala firamare ta CEP ba takardar haihuwa. Mai ita kuma, nan an rubuta Oumarou, can Oumar, shekara ta bambanta, uba ya kwashi ƙafa daga ofishin magajin gari zuwa kotu, yana biya a kowace ƙofa. Muddin rajistar wani ofishi ba ta karantuwa a wani, dillalan takardu ke cin kasuwa.

Tunda tambaya a bainar jama'a ta halatta, ga tawa: shagon cike takardun nan da ke daura da kotu, na wane ne, Alhaji?

Naka,
tsohon ma'aikacin lafiya, Garwa