Godiya ga ofishin notar da ke rufe mana cinikin gidajen kuɗi-hannu a Garwa

Ranka ya daɗe Metir, tare da magatakarda da sauran ma'aikatan ofis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu dillalan gidaje da filaye da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa, Lainde, Pumpumre, Rumde Ajiya da Jambutu, unguwannin Garwa ta ƙasar Kamaru, mun ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a. Ba mu sa sunan ofis ba, don mun san aikin notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su, ba a yi masa talla, kuma masu shiga da fita sun san inda muke nufi.

Godiyar a kan cinikin gaggawa ne, wanda ya fi kowane ciniki jawo wa dillali zagi. Mai gida yana da majinyaci da za a kai Yawunde, ko bashin kasuwa ya taso shi gaba, ko magada sun ƙosa a raba kowa ya kama gabansa. Irin wannan ba zai kafa allo a ƙofa ya jira wata shida ana tayi yana cewa albarka ba. Ɗan kasuwa mai kuɗi a ƙasa yake nema, wanda zai sayi gidan yadda yake, da tsagaggen bango da rufin da ke yoyo. Farashi dole ya sauka. A ce gida zai kai sefa miliyan 25 in an yi haƙuri, mai kuɗi-hannu zai taya 19 ko 20, domin gyara da jira duk sun koma wuyansa. Wannan ragi halal ne in mai gida ya sallama da idonsa a buɗe. Abin da ke ɓata cinikin shi ne a ce tunda sauri ake yi, a tsallake takarda.

A nan ne kuka burge mu. Ba ku taɓa ɗaukar gaggawa a matsayin hujjar tsallake mataki ba, amma kuma ba ku sa ta zama dalilin jan ƙafa ba. Tun ranar farko magatakardanku ke miƙa wa mai sayarwa jerin abin da zai kawo gaba ɗaya: kwafin titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, da ke hannunsa, katin ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, lambar mai biyan haraji, takardar aure in akwai, da takardar tsarin gari daga ma'aikatar magajin gari. Ba a ce masa ya kawo ɗaya yau, gobe a tuna da wata. Wanda ya san yadda zafin Garwa yake a watan Afrilu ya san darajar rage wa dattijo hawa babur sau uku.

Sai abin da ya fi komai, wato takardar shaidar mallaka da kuke nemowa sabuwa daga ofishin ajiyar rajistar filaye na Binuwai. Mutane da yawa suna ganin in sun riƙe titir a hannu magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kwafin da ke cikin akwatin mai gida ba lallai ya nuna abin da aka rubuta a babban littafi daga baya ba. Mai yiwuwa an jinginar da gidan ga banki, ko wani ya kai ƙara kotu ta sa a rubuta gargaɗi a kansa, ko ma an riga an yanki wani sashe an sayar. Sabuwar takardar ce ke fallasa duk wannan, shi ya sa ba kwa karɓar wadda ta haura wata uku. In jingina ta fito, ba kwa kashe cinikin. Kuna neman banki ya rubuto ragowar bashin, a cire shi daga kuɗin gidan a biya, a karɓo takardar sakin jingina, sannan mai gida ya ɗauki abin da ya saura.

Muna kuma yaba yadda kuke faɗa wa mutane gaskiya a kan gidan da ba shi da titir, ko da kun san za su fita da fushi. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce duk cinikin da ke sauya mallakar gida ko fili sai an yi shi a gaban notar, in ba haka ba ɓatacce ne, kuma sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba shi ma ɓatacce ne. Takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu tana da girmanta wurin shaidar cewa wane ne ya zauna a wurin, amma ba titir ba ce. Wanda iyayensa suka raya wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana da hanyar neman titir kai tsaye, sai dai hanya ce ta kwamiti da awo da kafa duwatsun iyaka, ba ta mako biyu ba. Mu dillalai ba ma jin daɗin wannan amsa, don la'ada ce ke tafiya. Amma mun fi son ta a kan sammacin da zai zo bayan shekara biyu.

Gidan gado kuwa, nan ne kuke nuna haƙuri. Babban wa yakan zo da titir mai sunan marigayi, ya ce shi ne uba yanzu, 'yan'uwa duk sun amince. Ku kuma sai ku nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, sannan kowa ya zo ya sa hannu da kansa, har matar da ke da tumuni da 'yar da aka aurar a Marwa. Wanda ke Yola ko Njamena ko Saudiyya ya aiko da takardar wakilci mai hatimin hukuma, ba saƙon murya ta WhatsApp ba. In akwai maraya ƙarami, sai da izinin kotu a taɓa rabonsa. Malamai ne ke fitar da rabo bisa shari'a, wannan ba ku shiga ba, naku shi ne kada a sayar da haƙƙin wanda ba a tambaya ba. Haka ma in takardar aure ta nuna dukiyar ma'aurata a haɗe take, uwargida sai ta sa hannu. Wasu mazan ba sa son jin wannan, amma kuna faɗa musu cikin ladabi.

Maganar kuɗin kansa ma abin godiya ce. Takarda mafi girma a sefa ita ce ta 10,000, saboda haka miliyan 20 takardu 2,000 ne, ɗauri ashirin. Ƙirga wannan a zaure, a kan tabarma, yara na leƙe, gayyatar ɓarayi ce, ban da jabun da ake cusawa a tsakiyar ɗauri. Kun saba wa masu saye su zuba kuɗin ta banki a asusun ofis, ko su kawo cakin da banki ya tabbatar. Mai sayarwa ya san kuɗin na nan, mai saye ya san ba za su fita ba sai an sa hannu. Da wannan aka huta da tsohuwar gardamar wa zai fara saki, titir ko kuɗi. Kafin alƙalami ma kuna rubuta shi da sharaɗinsa: nawa aka bayar, zuwa yaushe za a cika, wa zai yi asara in wani ya janye. Kuma in kun tambayi mai saye asalin kuɗinsa, kuna bayyana masa cewa dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ce ta ɗora muku, ba raini ba ne.

Kafin ranar sa hannu kuna zaunar da ɓangarorin biyu ku yi musu lissafi a rubuce: kuɗin rajista, kuɗin sauya suna a titir, ladan notar, da harajin riba da kuke cirewa daga hannun mai sayarwa. Mai gida ya san tun da wuri abin da zai shiga aljihunsa, ba sai ya gama yi wa asibiti alkawari ba. Kuna tambayar bashin wuta da na ruwa. Kuna tambayar 'yan haya, domin sayar da gida ba ya korar mai shagon da ke da yarjejeniya, kuma kuɗin hayar da tsohon mai gida ya karɓa na watannin gaba dole a mayar wa sabo. In rabin fili ake sayarwa, sai mai awo ya je ya yanka ya kafa duwatsu, kuna kuma faɗa a fili cewa wannan zai ƙara makonni. Gidajen da ke gangaren Binuwai, inda ruwa ya ci a 2012 lokacin da aka buɗe madatsar Lagdo, kuna sa mai saye ya karanta abin da takardar tsarin gari ta ce a kansu kafin ya biya.

Ba za mu manta da karatun takardar ba. Da Faransanci ake rubuta ta, amma ba kwa barin tsohuwa ta dangwala yatsa sai an fassara mata sakin layi bayan sakin layi, da Hausa ko Fulatanci, an kuma tambaye ta ko farashin da ta ji shi ne wanda ta sallama a kai.

Roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Jerin takardun nan da magatakarda ke bayarwa, a buga shi da Hausa da Fulatanci a manna a ƙofar ofis, a kuma ba mu kwafi mu riƙa nuna wa masu gida tun ranar da suka fara kiranmu, kafin a kai ga tayi.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Naku,
Dillalan gidaje da filaye na Garwa